Sarkin Majigi Ya Je Kallon Armeniyawa

Duk wanda ya zauna a unguwar Pantai Dalam ya ce bai san Malam Muttaka ba, to bai zauna cikin mutane ba. Shekara shida ke nan da Allah ya azurta Hausawan Kuala Lumpur da shi, lokacin da ya zo digirin dokta a kan kiwon kifi. Kifin dai har yanzu yana jira. Amma a fagen fim, masha Allah, babu na biyunsa. In ka ce masa wani fim ya yi daɗi, sai ya dube ka da tausayi, ya gyara gyalen ulun da yake ratayawa a wuya cikin zafin Maleshiya, ya ce da salon maganar 'yan ƙasar, "Daɗi ai na abinci ne, lah. Fim nazarinsa ake yi." Ɗalibai suka naɗa shi Sarkin Majigi. Da tsokana aka yi naɗin, shi kuwa ya kai aka buga masa a kati.

Wata Asabar aka sa ranar nuna wani fim a ƙaramin zaure a unguwar Bukit Bintang, labarin iyalin Armeniyawa da yaƙi ya kora daga Beirut zuwa Kanada. Wadda ta shirya fim ɗin, wata dattijuwa mai suna Madam Araksi, za ta halarta. Sarkin Majigi ya sanar a guruf ɗin ɗalibai cewa zai je ya gana da abokiyar sana'arsa. Maƙwabcinsa Kalilu ya tambaye shi ina ne ma Armeniya. Ya ce ba taswira ake dubawa ba, ruhin al'umma ake dubawa. Jim kaɗan aka hango shi a bayan kedai, wato kantin unguwa, yana latsa waya da sauri.

Ya tafi da matarsa Hureira, don babban mutum ba ya riƙe jakarsa da kansa. Shekararta huɗu a garin, hanya biyu ta sani: ta kasuwa da ta makarantar 'yarsu Hanan. Hanan ɗin ma, in an yi mata magana da Hausa, da Malayanci take amsawa. Duk ranar da Hureira ta ce kaɗaici ya dame ta, maigida yakan ba ta lacca a kan juriyar baƙo a ƙasar waje, sannan ya sa takalmi ya tafi teburin shayi a mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi, inda matasa suke buƙatar a wayar musu da kai.

Ƙarfe uku na yamma aka kashe fitilu. Sarkin Majigi na sahun gaba, da littafi da biro, da kuma faranti biyu na shinkafar biryani da ya ajiye a cikinsa tun a unguwar Masjid India. Ya rubuta kwanan wata. A fim ɗin ya ga uban gida cikin kwat yana jagorantar iyalinsa zuwa jirgi, ya gyaɗa kai. Daga nan ya lumshe ido don ya zurfafa nazari. Nazarin ya yi zurfi har ya fara fitar da sauti.

Hureira ce ta kalla. Ta ga uwar tsaye a tasha cikin ƙanƙara, ta kasa karanta lambar bas, ta koma gida a ƙafa. Ta ga 'yar matar ta hana ta yi mata yarensu a ƙofar makaranta. Ta ga uban, kullum cikin kwat ɗin nan, zaune a kulob ɗin 'yan garinsu yana bayanin yadda za a gyara duniya, matar kuwa tana gasa gurasa tana sayarwa, tana koyon kalma ɗaya-ɗaya daga bakin masu saye. Hureira ta jiƙa gefen mayafinta.

Da fitilu suka dawo, hannun farko da ya tashi na Sarkin Majigi ne. Ya karɓi makirufo, ya gabatar da kansa na minti uku, ya ce tasa ba tambaya ba ce, gudummawa ce.

"Madam, a matsayina na manazarci, na yaba da uban nan, ginshiƙin gida, wanda ya ɗauki iyalinsa a kafaɗa har ƙarshe. Amma inda kika burge ni, in fact, shi ne duhun nan da kika saka a tsakiya. Fiye da awa guda, babu hoto, babu murya. Wannan shi ne halin ɗan gudun hijira. Ba kowa zai gane ba."

Madam Araksi ta cire tabarau ta goge, ta ce a hankali, "Malam, babu duhu a fim ɗina."

"Haka masu fasaha suke," in ji shi, yana juyowa ga jama'a da murmushi. "Ba sa sanin girman abin da suka yi."

Sai Hureira ta ɗaga hannu. Ya yi mata alama da ido ta sauke, ba ta dube shi ba. Da Turancinta mai ɗingishi ta ce, "Yarinyar, ta dawo ta yi wa uwarta magana da yarensu?"

Dattijuwar ta juyo ta dube ta sosai. Can ta ce, "Ni ce yarinyar. Na dawo, amma sai da ta kwanta a asibiti. Kina da 'ya?"

"Ɗaya."

"Kada ki daina yi mata, ko ba ta amsa."

Bayan taro matan biyu suka tsaya a bakin ƙofa riƙe da hannun juna kusan rabin awa. Sarkin Majigi ya yi ta zagaye su da katinsa a hannu, babu wadda ta juyo.

A jirgin ƙasa na komawa gida ya yi shiru har tasha biyu, abin da ba a taɓa gani ba. Sannan ya yi gyaran murya, ya ce, "Hureira, don in gwada fahimtarki, me ya faru da uban a ƙarshe?"

Tana kallon taga ta ce, "Yana nan a kulob yana magana, Baban Hanan. Su kuwa sun tashi daga unguwar. Sai bayan kwana biyu ya lura."