Ranar da Na Tsuguna Gaban Surukina Na Kasa Tashi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da gwiwata ta ci amanata a ƙofar gidan surukina ba. Ko yanzu da nake ba ku labarin, ji nake kamar in rufe fuska da hula.

Ni ma'aikacin ofis ne a Daura, daga mota sai tebur, ga tumbi masha Allah, ga gwiwar dama da likita ya ce in riƙa lallaɓa ta. A hutun damina yarana, Ummi da Sadiƙu, suka tasa ni gaba sai na kai su hawan dutsen da ke bayan ƙauyen kakanninsu, can wajen Dutsi. Na daɗe ina alkawari ina zillewa. Rannan na ji Ummi tana cewa, "Ƙyale Abba, Sadiƙu, shi kullum sai ya ce wani hutun." Maganar ta soke ni. Na auna ciwon gwiwa da wannan fidda ran da yarinyar ta yi, na ce gobe kowa ya shirya.

Matata Hajara ta dube ni sama da ƙasa. "Abban Ummi, kai da ko benen ofis sai ka huta a tsakiya?"

"Ke dai zuba mana ruwa a gora," na ce (har da buga ƙirji, Allah Ya yafe mini).

Da muka isa, mahaifinta Baba Malam yana gona. Hajara ta shige wajen Inna, ni da yara muka nufi dutse. Hawa kam na hau. Da rarrafe, da salati, da "ku tsaya in nuna muku wani abu" duk sanda numfashi ya ƙare, amma na kai. Daga sama gonakin gero shar iya ganinka, Sadiƙu na ta ihu, Ummi ta rungume ni ta ce, "Abba, ashe kana iyawa!" Wallahi na ji daɗi har raina. A saukowa ne gwiwar ta fara zugi, na dai cije.

Bayan la'asar muka dawo, muka tarar da Baba Malam kan tabarma a ƙofar gida, dattawan unguwa kewaye da shi. Ku fahimce ni: tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, ko gyaɗa ban taɓa ci a gabansa ba. Shi ma bai taɓa faɗin sunana ba, sai dai "Malam." Yara suka ruga cikin gida, ni kuma na cire takalma tun daga nesa na tsuguna.

"Ina wuni, Baba? Ya ibada? Ya damina?"

Ya amsa duka, sannan ya ce, "To madalla, a shiga a huta."

Na yunƙura. Gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na sake, ta riƙe gam.

Mai hankali cewa zai yi a kama shi. Ni kuwa sai na buɗe sabuwar gaisuwa. Na tambayi shanu, na tambayi gero, na tambayi wake, na koma kan shanun. Zufa na ta tsiyaya, kaina a ƙasa.

Dattawan suka dubi juna. A wajenmu, in suruki ya tsuguna ya ƙi tashi, ai babbar magana ya zo da ita. Ɗaya bayan ɗaya suka zura takalma suka ba mu wuri. Baba Malam ya sassauta murya.

"Malam, faɗi, kada ka ji nauyi. Me Hajara ta yi maka?"

"Ba komai, Baba."

"Kada ka rufa mata, ni na haife ta." Ya ɗaga murya. "Ku turo mini Hajara!"

Ta fito da dariyarta, tana ganin fuskar mahaifinta ta durƙushe, idanunta suka ciko. Innalillahi! Baiwar Allah ba ta yi komai ba, ga ta za ta sha faɗa saboda ina tattalin girmana. Na daure na ce:

"Baba, ƙafata ce. Ta ƙi tashi."

Hajara ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Baba Malam, tsohon da ya wuni yana noma, ya miƙe ko dafa ƙasa bai yi ba, ya zagayo bayana, ya zura hannuwa a hammatata ya cicciɓe ni kamar buhun gero. Ashe dattawan ba su yi nisa ba, suna gindin dalbejiya suna kallo. Ɗayansu ya ƙwalo, "Sannu Malam! Wallahi mun ɗauka saki ne!" Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na gode mata.

Na jima ina ɗingishi, kuma ban yi da-na-sanin hawan ba; in yaran suka sake roƙo, zan lallaɓa in bi su. Abin da na koya shi ne ciwo in ya zo a faɗe shi da wuri, tun kafin mutane su fassara maka shirunka. Yanzu duk sanda muka je ƙauyen, da Baba Malam ya hango motata sai ya juya cikin gida ya ce, "A fito wa Malam da kujera, ya zo gaisuwa."