Farfesa Bincike-Ya-Nuna Ya Zo Koya Mana

Allah ya yi mutane, sannan ya yi Farfesa. Mutum ne da ko gaisuwa ba ya amsawa sai da hujja. Ka ce masa "Ina kwana?" ya ce, "Bincike ya nuna lafiya lau." Da haka sunan ya bi shi.

Shi aka turo ƙaramin asibitin unguwa ya koya wa likitocin iyali dabarun bincike, kwana uku cur. Aka jera kujerun roba a ɗakin awon ciki, aka tura ma'aunin jarirai lungu.

Ranar farko ta ƙare a tarihin rayuwarsa. Rana ta biyu aka sha hotunansa a taruka, ga shi tsaye, ga shi yana nuna allo. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Can wata likita da ta shekara goma sha biyar a asibitin ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, mata bakwai ke zuwa min da tari iri ɗaya, duk a injin niƙa ɗaya suke aiki. Ta ina zan fara?"

Farfesa ya yi murmushin tausayi. "Ƙanwata, bakwai ba adadi ba ne, tsegumi ne. Mu da dubbai muke magana."

Da aka tashi hutu, ita da abokan aikinta suka zaro katunan matan suka fara jera kwanakin zuwansu, ba tare da albarkar Farfesa ba.

Rana ta uku ya ce zai nuna yadda gwani ke yi wa majinyaci tambayoyi. Aka shigo da wani tsoho daga layi, aka miƙa wa Farfesa katinsa. Ya ɗora takardar tambayoyinsa a kai, ya dinga zubo su, guda arba'in, ko numfashi babu. Tsoho na murmushi, yana gyaɗa kai.

Farfesa ya juyo, ƙirji a gaba. "Kun gani? Ɗari bisa ɗari! Wannan ita ake kira ƙwarewa. Akwai tambaya?"

Likitar ta matsa kusa da tsohon, ta ɗaga murya. "Baba! Ka ji abin da ya ce?"

Tsoho ya kara tafin hannu a kunne. "'Yata, shi ne mai wankin kunnen? Tun ɗazu nake ganin bakinsa na motsi."