Ranar da na zagi kakar masu odinatar

Ko da tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na zagi wata tsohuwa da ban taɓa gani ba, a gaban mutanen ƙasashe daban-daban, ina zaune a shagona a Gure ina kurɓar shayi, ina jin ni ne mai gaskiya.

Ni ba ɗan boko ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Lakol, wato makarantar boko, na bari ban samu ko sartifika ba, Faransancina kuwa na tasha ne da na bakin asibiti. Abin da nake da shi a lokacin shi ne shagon fotokopi, da injin buga takardu, da wata tsohuwar odinatar, wato kwamfuta, da nake rufewa da zanen matata saboda rairayi. A shekarun ne rezo, wato intanet, ya fara leƙo garinmu. Wani ɗan abu kamar yatsa, mai suna kile, ake soka wa odinatar, ka danna, ka tashi ka hura gawayi ka ɗora shayi, ka dawo shafin bai gama buɗewa ba. Amma wallahi abin da daɗi. Duk wasiƙar da ta shigo sai ka ji kamar baƙo ne ya sauka daga mota.

Wanda ya jefa ni cikin harkar shi ne Mushe Hamadu (mushe muke ce wa malamin lakol, daga Faransanci), malamin lissafi da aka turo mana daga Dosso. Yana zuwa buga takardun jarrabawa, ya ga ina yawan tambaya, sai ya fara koya mini yadda ake rubuta wa odinatar umarni ta bi. Porogaram ke nan. Ban san ina da kan wannan abu ba sai da na gwada. Tare muka haɗa wani ɗan porogaram mai buga katin ƴan lakol, da hoto da suna da aji. Kafin ka ce me, diraktocin lakol daga Bune har Alakos sun fara aiko mini da aikinsu. Sai dai abin yana da wata cuta: in hotunan suka yi yawa, sai ya kai tsakiyar aji ya tsaya cak kamar jakin da ya ga rijiya. Muna cikin neman maganinta aka yi wa Mushe canjin wurin aiki, aka mai da shi Yamai.

Kafin ya tafi ya zaunar da ni.

"Yaya, zan sa ka a wani wuri, lis suke ce masa. Adireshi guda ne. Duk abin da ka aika can, kowa da ke ciki zai samu. Masu rubuta porogaram ne, daga Dakar, Bamako, Wagadugu, har Duwala. Sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Ka kai musu cutar nan, za su warkar da ita."

"Wato zaure ne," na ce.

"Zaure ne. Amma za su aiko maka da dokokinsu. Don Allah, Yaya, ka karanta kafin ka ce uffan."

"Mushe, da furfurata za a koya mini shiga zaure?"

Ya yi dariya, ya hau mota. Dokokin kuwa sun zo, Faransanci zalla, dogo kamar hanyar Damagaram. Na karanta layin farko da na biyu, idona ya fara ruwa, na rufe. (Har yau ina da wannan hali. Takardar magani ma ba na karantawa, sai cikina ya murɗa.)

To ku duba halin da nake ciki. Komawa lakol ta matso, diraktoci suna jiran katinsu, kuma duk faɗin Gure babu mutum guda da zan tambaya. Wannan zauren shi kaɗai ya rage mini. Mai hankali da ya shiga ya faɗi matsalarsa. Amma ni an haife ni an raine ni a inda ba ka faɗa wa baƙo buƙatarka ranar da kuka haɗu. Ko aron jaki za ka yi, sai ka je ka gaisa, ka koma, ka sake zuwa ka gaisa, sai mai jakin da kansa ya ce, "Lafiya dai?" Saboda haka na ɗaura niyyar nuna wa mutanen nan cewa ƴan Gure suna da tarbiyya.

Kowace safiya, da na buɗe shago, sai in aika musu gaisuwa da Faransancina mai ɗingishi. Ina kwananku, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, yaya ruwa a wajenku. Kuma da manyan baƙaƙe nake rubutawa tun daga farko har ƙarshe, domin a saninmu manyan baƙaƙe na girmamawa ne, da su ake rubuta sunan parefe, shugaban gundumarmu, a takarda. Wurin da ake sa kan magana kuwa, kullum abu guda nake sawa: gaisuwa.

Ba wanda ya amsa. Na ce a raina, manya ne, sai da haƙuri. Na ƙara ƙaimi. In wani ya yi tambaya wani ya ba shi amsa, sai in shiga tsakani in ce madalla, Allah ya ƙara basira. In wani ya gode wa wani, ni ma in gode masa. Wani ɗan Kotonu ya ce a yi haƙuri ya makara da amsa, zazzaɓi ya yi. Ai kuwa na zauna na rubuta masa sannu mai tsawo, har da shawarar ya jiƙa tsamiya. Ranar Juma'a kuwa ba a magana.

Ana haka matata Falmata ta haihu. Na ce yawwa, ga damar da zumunci zai ƙullu. Na rubuta musu gayyatar suna, da kwatancen gida, bayan tasha, ƙofar da ke da bishiyar aduwa. Na ɗauki hoton ragon, wani balami fari da na sayo daga wajen makiyaya, na liƙa. Hoton nan ya ci mini rabin yini kafin ya tafi. Ko kaɗan ban kawo a raina cewa yadda ya wahalar da ni wajen fita haka zai wahalar da kowa wajen shiga ba, alhali da yawansu a gidan sibar, inda ake hayar odinatar da awa, suke buɗe wasiƙunsu, agogo yana cin aljihunsu.

A ranar ne aka fara amsa mini. Wani ya rubuto: "Ragon ya yi kyau. A wane layi yake tsayawa?" Ban gane ba'a ce ba, irin tambayar da suke yi wa mai lalataccen porogaram, har na ji daɗi.

Washegari sai ga saƙon mai kula da zauren. Ba ya sa suna, baƙaƙe biyu kawai yake sawa a ƙasa. Ga abin da ya ce, yadda na fahimta:

"Barka da haihuwa. Nan wurin tambaya ne a kan porogaram. A daina gaisuwar safe, a daina manyan baƙaƙe, a daina hotuna. In kana da tambaya, yi ta. In aka sake, zan cire ka."

Jama'a, kunnuwana suka yi zafi. Ni za a ce wa in daina gaisuwa? Na tabbata a raina wani yaro ne ɗan jami'a, mai ƙaramin wando, wanda bai taɓa durƙusa wa kowa ba. Na ce bari in tura wa Mushe Hamadu ya ga irin mutanen da ya haɗa ni da su. Na gyara zama na rubuta da Hausa, wadda na fi iya zagi da ita:

"Mushe, dubi ɗan banzan nan. Wannan ko uwarsa ba ya gaisarwa. Da a Gure yake da na sa shi tsallen kwaɗo daga tasha har kasuwar dabbobi. Ragona ya fi shi hankali, don shi in ka shafa kansa yana kaɗa wutsiya. Sauran kuma duk kurame ne, zaure guda ba mai amsa sallama."

Na danna. Na zuba shayi na biyu, mai daɗin nan. Ban san maɓallin amsa na danna a madadin na turawa ba. Amsa kuwa a wannan wuri zauren take komawa, gaba ɗayansa.

Ban kai ga shayi na uku ba waya ta yi ƙara. Mushe ne, ko sallama babu.

"Yaya, me ka yi?"

"Ka gani ko? Ka ga rashin kunya?"

"Na gani. Dakar ma ta gani. Bamako ta gani. Yaya, lis ka aika wa!"

Na dire kofin shayin a kan tebur. Amma na yi ta maza. "To ai da Hausa ne. Wa zai ji?"

"Buɗe odinatar."

Na buɗe. Rezon da kullum yake rarrafe, ranar nan da gudu ya zo. Wani mai suna Bello, Bafillace ɗan wajen Maradi da ke aiki a Yamai, wanda bai taɓa cewa komai ba tun shigata, ya ɗauki saƙona ya juya shi Faransanci layi bayan layi. Bai bar ko wutsiyar ragon ba. Tsallen kwaɗo ma sai da ya yi musu bayanin yadda ake kama kunne.

"Kuma wanda ka ɗauka yaro ne," in ji Mushe, muryarsa tana rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, "tsohuwa ce. Tana da jikoki. Ita ta koyar da wanda ya koyar da ni. Ta girmi innarka, Yaya."

Na dubi ƙofar shago, na ga mutane suna wucewa abinsu, wani yana jan akuya. Na yi sha'awar akuyar nan.

"Mushe, ka je ka ba ta haƙuri. Ka ɗauki wani dattijo ku tafi tare."

"Wane dattijo? Tana Bamako! Da ka karanta abin da na ce ka karanta, da ka ga duk suna ciki. Manyan baƙaƙe a wurinsu ihu ne. Kullum da safe ihu kake yi musu a ka. Kan magana, ka faɗi matsalarka a taƙaice. Ka duba tsofaffin wasiƙu ko an taɓa amsa irinta. Ka nuna abin da ka gwada, da abin da odinatar ta ce. In an taimake ka, ka dawo ka faɗi abin da ya yi aiki don na baya. Shi ke nan fa. Kuma duk abin da aka aika yana nan ajiye, kowa zai iya karantawa har abada."

"Har ragon?"

"Har ragon."

Na zauna ina jiran a kore ni. Ina tunanin diraktan Bune, mutum mai faɗa, da abin da zan ce masa. Sai ga wani saƙon Bello, wannan karon zuwa ga tsohuwar, a gaban kowa. Mushe ne ya fassara mini inda na kasa:

"Mama, na duba kwatancen gidan suna. Mutumin nan Babarbare ne na Gure, wato bawana ne. Haka Allah ya yi su, sai sun gaida randa kafin su sha ruwa. Laifina ne da na bar shi yana yawo ba igiya. A bar mini shi, zan yi kiwonsa."

Ni kuwa uwata Babarbariya ce, kuma tsakaninmu da Fulani sai dai wasa, ko a gaban alƙali. Ashe su ma can Bamako suna da irin wannan wasa tsakanin dangogi. Tsohuwar ta amsa da layi guda: "Makiyayi ya karɓi dabbarsa. Ya yi tambayarsa yau."

Ban taɓa shan wuyar rubutu irin ta ranar ba. Yatsuna suna ta kai ni ga ina wuni, ina janye su. Na sa kan magana: porogaram yana tsayawa in hotuna sun yi yawa. Na liƙa layukan da nake zargi, na kwafe abin da odinatar take cewa in ta tsaya, na faɗi abin da ni da Mushe muka gwada. Da ƙananan baƙaƙe, kamar mai raɗa. A ƙasa na sa kalma biyu ta ban haƙuri, na aika, ina jin kamar na shiga gidan surukai ba hula.

Kafin la'asar ta amsa, ita da kanta. Ashe porogaram ɗin yana buɗe kowane hoto ba ya rufewa, har odinatar ta cika ta shaƙe. Layi guda ta ce in ƙara. Na ƙara, na danna, katin aji guda suka fito reras har na ƙarshe. Na koma zauren na faɗi abin da ya yi aiki, yadda doka ta ce. Bello ya biyo ni ta gefe, ni kaɗai: "Bawa, ka ga amfanin ubangiji? Aiko da cinyar ragon." Na ce masa Bafillace da ya bar shanu ya kama odinatar ai ɓatacce ne, a yi cigiyarsa.

Na yi shekaru a zauren nan. Can na koyi duk ɗan abin da nake ci da shi yau. Tsohuwar ba ta taɓa tambayata iyali ba, ni ma ban sake tambayarta ba, amma ban taɓa kawo matsala ta kwana ba a duba ta ba. Daga baya wasiƙu suka yi ta raguwa, kowa ya koma waya, har wata rana na lura an daɗe ba wanda ya ce komai. Ba a yi sallama ba. Ban san ko tana raye ba.

Yanzu ni ne mai kula da wani gurup na waya, na masu gyaran odinatar a yankinmu. Kowace safiya sai na share furanni, da hotunan kofin shayi, da barka da Juma'a tun ranar Laraba, kafin in tono tambaya guda ta kirki. Jiya na rubuta musu cewa duk wanda ya sake turo gaisuwa zan cire shi. Na san sarai abin da suke faɗa a kaina ta gefe, don ni na fara faɗarsa.

Abin da na koya dai shi ne, kowane zaure da irin ladabinsa, kuma a wasu wuraren babbar girmamawa ita ce ka faɗi abin da ya kawo ka ka ba mutane wuri. In kuma zagin ya zama dole, ka dubi inda za shi kafin ka danna, domin duk inda ka shiga a duniyar nan akwai Bafillace guda a kusurwa da yake jin Hausa.