Fartanyar Baba a Gaban Bature

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da ranar da Baturen makaranta ya zo elementaren garinmu ba, can arewa da Ɗambatta, a zamanin En'e. Yaro ɗaya zai zaɓa zuwa makarantar Midil ta Kano, ni kuwa na riga na gama sallama da kowa. Har akuyata na bar wa ƙanwata (saboda tsabar tabbas).

Darasin da muka sha wuya a kansa shi ne yadda ake cewa abu na wane ne da Turanci, da ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama. Malaminmu ya ce kowa ya zo da wani abu daga gida ya faɗi mai shi. Na ɗauko fartanyar Baba, na wanke ta tas kamar ƙwaryar amarya.

Iyaye sun zauna a gindin tsamiya suna kallo. Da aka zo kaina na ɗaga fartanya, na buɗe murya: "This is my father's hoe!"

Bature ya yi murmushi, ya tambayi ina uban nawa. Na miƙa yatsa tsakiyar dattawa, ina washe baki. Abin da zumuɗi ya mantar da ni shi ne, ni ɗan fari ne. A wajenmu uba ba ya amsa ɗan fari a gaban mutane, ko sunana Baba bai taɓa kamawa ba.

Malam ya yi tafinta: "Baba, wai ɗanka ne wannan?"

Baba ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. "Ranka ya daɗe, fartanyar dai tawa ce."

"Yaron fa?"

"Ɗan wajen yayana ne."

Dattawa suka gyaɗa kai, an yi abin da ya dace. Yara kuwa suka fashe da dariya. Bature ya ce ashe hadda kawai na yi, ban san ma'anar abin da nake faɗa ba. Malam ya buɗe baki zai yi bayani, Bature ya riga ya wuce kan na gaba. Ni kuma ina nan tsaye, fartanya a sama, na manta ban sauke ta ba.

Wani aka ɗauka. Na koma gona, kuma wallahi abin ya ci ni shekara da shekaru. Baba bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai Inna ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Na yi rantsuwa ba zan yi wa ɗana haka ba. Ranar da likita ya nuna ɗan farina ya ce, "Naka ne?" sai na ji bakina yana cewa, "Na gidanmu ne dai." Tun daga nan na daina rantsuwa a kan abin da na gada.