Koriyar Kwalbar da Na Saya a Sanyuanli

Bayan sallar Juma'a na gayyaci Alhaji Isuhu na Maraɗi da abokansa ɗakina da ke unguwar Sanyuanli a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, na yi musu alkawarin haɗin na'a-na'a da cakulan. A shagon ƙasan benenmu na ɗauko koriyar kwalba mai hoton ganye, a zatona ruwan na'a-na'a ne. Ni da na san Guangzhou, me zan tambaya?

Na zuba a ƙananan kofuna. Alhaji ya yi bisimilla ke nan, sai ga mai shagon ta biyo ni tana haki. Da yake ba ma jin yaren juna, sai ta nuna kwalbar, ta yi tangaɗi irin na mashaya.

Alhaji ya ajiye kofinsa a hankali. "Ɗana, giya ka haɗa mana?"

Allah ya saka wa matar nan da alheri. Har yau ko ruwa na miƙa wa Alhaji, sai ya sansana ya ce, "Kira mai shago tukuna."