Sun Liƙe Min Gida, Wuta Ta Kasa Numfashi

Jama'a, makon jiya da rarrafe na fara shi. Na farka ranar Litinin na ga hucin bakina yana tashi a ɗakin kwana, na san ta sake faruwa. Na sauka ɗakin ƙasa inda murhun ɗumama gida yake, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa da suka riga ni yin ritaya, na danne maɓalli, na ƙyasta ashana. 'Yar wutar nan da ke zaune a gindin murhun, wadda in babu ita babbar ba ta tashi, ta kama, ta yi 'yar rawa, ta mutu ina kallonta.

Murhun nan tun Verna matata tana da rai yake aiki, bai taɓa ba mu kunya ba. Sai bana da Masu Girma na Hukumar Tattalin Ɗumi suka tuna da tsofaffi. Madalla da su. Suka zo da manyan motoci da mai ɗaukar hoto, suka bi gidan suka liƙe duk wata kafa, har da wani bututu a ɗakin ƙasa da suka ce shi ke shigo da sanyi. Shi Ranka Ya Daɗe Shugaba bai shigo ba. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna har aka gama hoto, ya kira ni da sunan wani, ya ruga mota don sanyi ya fara sa kunnensa ciwo. Tun daga ranar wutar murhun ta fara mutuwa.

Da sanyin ne kaɗai, da na daure. Amma akwai Darlene, 'yata da ke birnin Winnipeg. Zuwanta na baya ta same ni a falo da hula da safar hannu ina kallon wasan ƙwallon ƙanƙara, ta ce in ta ƙara tarar da gidan nan a sandare, gidan tsofaffi zan koma. Har ta je ta dubo wani gidan, wai ana rera waƙa da yamma. Ni Leland da ko a coci ba na buɗe baki! Kuma ranar Alhamis za ta dawo.

Sai na kira maƙwabcina Orville Thiessen, tsohon direban bas, mutumin da babu abin da bai sani ba sai abin da ka tambaye shi. Da farko ya ce siririn ƙarfen da ke jin zafin wutar ne ya gaji, muka canza shi. Ta mutu. Ya ce ƙura ce ta toshe ramin, muka yi ta hurawa har jiri ya ɗebe mu. Ta mutu. Daga nan ya gyara tsayuwa ya ce shi fa yana ganin Verna ce ke fushi don na kyautar da keken ɗinkinta. Na ce ya fita min daga gida. Garin juyawa da sandar tsintsiya a kafaɗa, ya tarwatsa gilashin 'yar tagar ɗakin.

Iska ta shigo kamar an buɗe firji. Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga wutar da na sake kunnawa ta miƙe tsaye, shuɗiya shar, babbar kuma ta kama da gurnani.

"Mutumina," in ji Orville, "ashe ita ma numfashi take so."

Ya tafi gida yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa da gangan ya fasa.

Ranar Alhamis Darlene ta shigo, ta ji ɗumi, ta cire rigar sanyi. Zuciyata fari ƙal. Sai ta sauka ɗauko dankali ta ga tagar. Ba da sanina ba, ta nemi kwali da salatif ta liƙe ta tsaf, aiki mai kyau irin na Hukuma. Kafin miya ta yi zafi, sanyi ya fara kama mu a ƙafa. Ta ajiye cokali ta dube ni, na ga har ta fara naɗe min kaya a ranta.

"Darlene, kar ki fitar da ni daga gidan nan," na ce. "A nan uwarki ta cika. Tsoron can nake ji, wallahi."

Ta ce in gaya mata abin da ke faruwa. Na ba ta labarin tsintsiya, da yadda bututun da aka liƙe ashe shi ke kawo wa wutar iska, muka sauka tare, ita da kanta ta yage kwalin. Na ƙyasta ashana, wuta ta tsaya.

Nan take ta buga wa Hukuma waya. Wannan ya miƙa ta ga wancan, wancan ya sa mata kiɗa. A ƙarshe wata murya mai ladabi ta ce babu mai taɓa bututun nan, ko mai gyara ne, sai Mai Girma Sufeto ya zo ya gani da idonsa, kuma yana nan tafe.

"To, Baba, ka zauna har ya zo," in ji ta. "In ya duba, sai mu yi maganar tashi."

Masu karatu, kun san shekara da shekaru ina caccakar mutanen nan a wannan shafi kan cewa ba sa zuwa. Yau na janye. Ranka ya daɗe Sufeto, don Allah kar ka gaggauta. Hanya akwai santsi, ga taruka, ga hotuna da ba a ɗauka ba. Ni da taga za mu jira ka, ina ɗumama gidana da rabin titin unguwa.