Malam Sahabi Ya Cika

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da Allah Ya ƙara mini wasu shekarun a kan waɗanda na kwashe, da ranar da na ɗebi dattawan unguwarmu daga Tambuwal na kai su Kebbe a kan rabin jimla.

Sai na fara da bayanin matsayina, domin mai karatu ya san daga wane bene na faɗo. Ni tsohon sufeton makarantu ne. Na yi karatu a zamanin da ake dukan yatsun yaro don ya manta aya a ƙarshen jimla, na kuma yi aiki a zamanin da hedimasta kan sa a share fili da zarar ya jiyo ƙarar babur ɗina. Da na yi ritaya sai mulki ya tafi, abu ɗaya ya rage mini: jarida. Kowace hantsi dattawa kan taru a ƙofar gidana, in gyara tabarau, in karanta, in yi sharhi. Idan gardama ta sarƙe a kasuwa akan ce a bari a ji daga bakin Sufeto. (Ba na ɓoye muku, wannan maganar ta fi mini fansho daɗi, ta kuma fi shi zuwa a kan kari.)

Wani direba ne ke sauko mini da jaridar daga Sakkwato. A hankali ta fara ramewa, shafukanta suka ragu, zuwanta ya koma jefi-jefi, har wata rana direban ya ce mai sayar da ita ya koma sana'ar cajin waya. 'Yata Asma'u, wadda ke aikin jinya, ita ta saka mini jaridar a wayata. Nan na tarar an kasa ta kashi-kashi kamar tumatir a kasuwa. Kanun labari da 'yan kalmomin farko kyauta ne. Daga nan rubutu ya dushe, hoton ɗan kwaɗon kulle ƙofa ya bayyana, a ce sai ka biya a buɗe maka. Sharhi da kuɗinsa, shafin sanarwa da kuɗinsa, tsohuwar fitowa ma da kuɗinta. Asma'u ta ce za ta biya mini. Na hana ta. Na ce mutumin da ya sayi jarida tun tana ɓata masa yatsu da tawada ba zai biya kuɗin ƙofa a gidan da ya taya ginawa ba.

Sai na ƙirƙiro dabara. In karanta abin da suka bari a fili, in cike sauran da kaina, cikin murya ɗaya, ido a kan waya. Wanda ya daɗe yana karatun jarida ya san inda kowane labari ke dosa. Yawanci nakan dace, majalisa kuma ba ta taɓa gane inda jarida ta tsaya ni na ɗauka ba.

Wata safiya cikin damina na buɗe shafin sanarwa, sai ga hoton da na sani, da rubutu a ƙarƙashinsa: "Iyalai da tsofaffin ɗaliban Malam Sahabi, tsohon hedimasta a Kebbe, na sanar da jama'a cewa a yau mahaifinsu ya cika…" Daga nan kwaɗo.

Malam Sahabi abokin karatuna ne, benci ɗaya muka zauna a makarantar horon malamai. Na cire tabarau, na yi salati, na sanar da majalisa. Na ƙara da cewa ya cika bayan gajeruwar rashin lafiya, domin haka jaridu ke cewa. Alhaji Maidamma, maƙwabcina mai sayar da hatsi, ya ce ko a buga waya tukuna a ji lokacin jana'iza. Na dube shi duban da nake yi wa malamin da bai shirya darasi ba, na ce ta'aziyya da ƙafa ake yin ta, waya ta yaran zamani ce.

Muka ɗora buhun gero a motar Maidamma muka kama hanya. Ruwa ya cinye hanyar, motar ta kafe a laka kafin mu isa, sauran tafiyar a kabu-kabu muka ƙarasa ta. (A zana hoton: tsohon sufeto a bayan babur, babbar riga a tattare bisa cinya, buhun gero na biye a wani babur.)

Abin da muka tarar a ƙofar gidan bai saɓa wa zatona ba ko kaɗan. An kafa rumfuna, an shimfiɗa tabarmi, malamai sun yi sahu suna saukar Alƙur'ani. Babban ɗansa, Mustafa, ya taro mu ya durƙusa. Na riƙe hannunsa da hannu biyu, na ce a yi haƙuri. Ya ce ba komai Baba, ai mu za a ba haƙuri da wannan hanya. Na tambaye shi ina mahaifin nasa.

"Shina ciki, Baba, ana shirya shi."

Na gode wa Allah da muka riski jana'iza. Ba a jima ba wani mai riƙe da lasifika ya sanar cewa abokin karatun Malam ya iso, za a so ya ce wani abu kafin a fito da shi. Na yi mamakin wannan sabuwar al'ada ta jawabi a gaban gawa, amma ban taɓa mayar da lasifika ba a rayuwata, ba kuma ranar zan fara ba.

Na miƙe, na gyara hula, na buɗe da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Wuri ya yi tsit, na ɗauka natsuwa ce. Na ce marigayi ginshiƙi ne, na ce ban taɓa ganin makarantar da ta kai tasa tsari ba, na ce rubutunsa a allo kamar ɗab'i. Gunaguni ya tashi daga bayan rumfa, na ɗauka kuka ne, na ƙara ɗaga murya. Maidamma ya jawo gefen rigata, na fizge. Har na kai inda ake roƙon jama'a su yafe wa mamaci, na ce ni dai na yafe masa duniya da lahira, sai na ji an ce amin a daidai kafaɗata, da muryar da na sani tun muna samari.

Na waiga. Malam Sahabi ne, cikin sabuwar shadda fara, yana ƙamshin turare, jikokinsa na riƙe da hannayensa.

"Ci gaba, Sufeto," in ji shi. "Shekara da shekaru kana zuwa duba makarantata, ba ka taɓa rubuta min 'da kyau' ba. Ashe jira kaka yi in mutu."

Da na faɗi inda na ga labarin, Mustafa ya matso da tasa wayar, wadda ba kwaɗo a kanta, ya nuna mini sauran jimlar cikin ladabi: "…ya cika shekara tamanin, ana gayyatar kowa walimar godiya ga Allah." Su ma, in ji shi, sai da suka biya aka buga musu. Wato an karɓi kuɗi a wajen mai sanarwa, an nemi kuɗi a wajen mai karantawa, ni kuma na biya da mutuncina.

Da an yi dariya nan take, da abin ya zo da sauƙi. Amma mutanen Kebbe suna da kunya. Kowa ya sunkuyar da kai, kafaɗu kawai ke rawa. Sahabi ya zaunar da ni kusa da shi, ya sa aka kawo mini tuwo, ya ce in ci sosai, na sadakarsa ne. Da ya ga buhun geron ya ce a shigar da shi, ba ya mayar da abin ta'aziyya. Sa'an nan ya rage murya ya ce, duk da haka ya gode, domin ba kowa ke samun ganin wanda zai keto laka saboda shi ba. Wannan ta fi zolayar nauyi a zuciyata.

A hanyar dawowa Maidamma ya tambaye ni a hankali ko sauran labaran da na sha karanta musu ma haka suke. Na ce masa ya kula da ramuka.

Majalisa ba ta watse ba, alhamdu lillahi, amma ta sake tsari. Asma'u ta biya, kwaɗo ya buɗe, kuma yanzu duk labarin da na karanta sai an miƙa wa Maidamma wayar ya bi da yatsa ya tabbatar. Sufeto ya samu sufeto.

Darasin da na ɗauka ba mai tsawo ba ne. Rowa da girman kai idan suka haɗu a kan mutum ɗaya, sukan kashe masa aboki da rana tsaka. Idan kuwa ka ji an ce wani ya cika, kafin ka ɗaura niyyar salla, daure ka tambaya: ya cika me?